Rumbun da Ba a Gani: Kwamfutar Gida, Rigimominta, da Mudun Awon Ajiya

(Jawabin da Sakatariyar ƙungiya ta gabatar a wajen bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya, a nan Jibiya. Mun buga shi ne saboda waɗanda ba su samu zuwa ba, da kuma yaranmu da ke taɓa mana na'urori a gida.)



Hajiya Shugaba, Hajiya Ma'aji, iyayena mata, yayyena da ƙannena, da baƙinmu da suka tsallako daga Ɗan Isa da Maraɗi, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya maimaita mana.

Da aka ce ni zan yi magana kan kwamfuta, wata uwata a nan ta ce mini, "Ke 'yar nan, ranar biki ana maganar tuwo da anko, ina ruwanmu da na'ura?" Na ce mata, Inna, kuɗinki na cikin na'urar nan. Zubinki na wata-wata, bashin da kika ci, wanda kika biya, ribar da za a raba miki, duk suna ciki. Sai ta gyara zama. To ku ma ku gyara zama, don zan fara da tonon asirin kaina.

Ranar da na ɗauka komai ya tafi

Wasunku sun tuna rabon ribar bara waccan, da aka ɗaga da kwana biyu aka ce Sakatariya ba ta da lafiya. Gaskiya ne ban da lafiya, amma ba zazzaɓi ba ne. Lissafin ƙungiya gaba ɗaya a kan filashi guda nake ajiye shi, don shi nake ɗauka in kai shago a buga mana takardu. Babban littafinmu kuwa, wata huɗu ban rubuta komai a ciki ba, na ce ai kwamfuta ta riƙe. Saura kwana uku rabo, na kai filashin wani shago aka buga mini takarda biyu. Na dawo gida na soka shi a laftof, sai na ga kowace folda ta fito da ɗan kibiya a gindinta. In na danna, babu abin da ke buɗewa.

A daidai wannan makon ne wata 'yar'uwarmu mai sana'ar man gyaɗa, wadda ke riƙe da marayu, ta ce ta biya kashi uku na bashinta. Ma'aji ta ce biyu ta tuna. Dukansu masu gaskiya ne, babu wadda ta taɓa cin ƙwandalar wani. Amma hujjar tana cikin filashin da ya ƙi buɗewa. Wallahi daren nan ban runtsa ba. Kuɗin ba su ne suka hana ni barci ba, yardar da ke tsakaninmu ce, wadda in ta fashe babu mai ɗinke ta.

Da safe wani yaro ya duba ya ce, "Anti, bayiras ne, sai dai a yi fomatin." Fomatin kuwa shi ne a share komai a mayar da filashi fanko. Har na kusa cewa to. Sai idona ya faɗa kan wani ɗan rubutu a ƙarƙashin sunan filashin, inda kwamfuta ke nuna yawan wurin da ya rage. Filashin mai giga 8 ne, kuma ta nuna kusan giga 2 a cike suke. Na ce, tsaya. In kayan sun tafi, mene ne ya cika giga biyu? Buhun da aka zazzage ai ba ya tsayuwa da kansa. Na hana a taɓa, na shiga mota na tafi Katsina wurin wani mai gyara. Cikin minti goma ya kashe bayiras ɗin ya fito da fayilolin. Ashe ɓoye su aka yi, ba a goge ba. Muka buɗe lissafi: kashi uku ta biya.

Abin da ya cece mu ranar nan, bayan ikon Allah, shi ne na san karanta mudun awo. Shi ya sa da shi zan fara.

Mudun awon ajiya

Duk abin da ke cikin kwamfuta ko waya, rubutu ne, hoto ne, murya ce, auna shi ake yi. Mafi ƙanƙantar awo shi ne bit, wanda ba ya ɗaukar komai sai "e" ko "a'a", wato 1 ko 0. Bit 8 su ne bayit guda. Bayit guda yana ɗaukar harafi ɗaya, kamar "a" ko "b". Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, kowanne bayit biyu yake ci.

Daga nan sai ku ɗauka kuɗi kuke ƙirgawa. Bayit shi ne naira ɗaya. Kilobayit, da ake rubutawa KB, naira dubu. Megabayit, MB, miliyan. Gigabayit, GB, wanda muke ce wa giga, biliyan. Terabayit, TB, tiriliyan. Kowane mataki ninki dubu ne na wanda ke ƙasansa. Wadda ta san bambancin dubu da miliyan a kasuwa ta riga ta san wannan karatu.

Ga yadda abin yake a aikace. Shafi guda na zallar rubutu bai wuce KB 3 ba. Lissafin ƙungiyar nan kakaf, sunaye da zubi da bashi na shekaru, bai cika MB 1 ba. Hoto guda da wayar zamani ta ɗauka yakan kai MB 2 zuwa 5. Fim guda yakan kai giga ɗaya, ko ƙasa kaɗan, ko ya wuce. Kun ga ke nan hoton anko guda ɗaya ya fi dukan lissafinmu nauyi, fim guda kuma ya ci wurin hotuna wajen ɗari uku. Saboda haka in waya ta ce miki ta cika, kada ki tsaya goge saƙonnin rubutu, wannan kwasar ruwa da cokali ne. Nemi bidiyoyin da aka turo a guruf ɗin WhatsApp, su ne suka cinye ɗakin.

Don ku ga inda duniya ta fito: a 1956 kamfanin IBM na Amurka ya fitar da rumbun ajiyar kwamfuta mai faifai na farko. Girmansa ya kai firji biyu, abin da yake ɗauka kuma haruffa miliyan biyar ne kawai. Hoton bikin nan guda biyu sun isa su cika shi. Yau mimori da bai kai farcen ɗan yatsa ba yana ɗaukar ninkin wannan sau dubbai.

Abubuwa huɗu da ke rikita mutane

Na ɗaya, mudun mai sayarwa da mudun kwamfuta ba ɗaya ba ne. Kamfanin da ya ƙera filashi yana ƙirga dubu a matsayin 1000 cif. Windows kuwa 1024 take ƙirgawa a kowane mataki, wato mudunta ya ɗan fi zurfi. Shi ya sa filashin da aka rubuta wa 32 GB zai nuna miki 29 da ɗoriya ko ƙasa da haka kaɗan, rumbun 500 GB ya nuna 465, na 1 TB ya nuna 931. Ba a cuce ki ba, kada ki koma kasuwa ki ci kwalar yaron mutane.

Na biyu, akwai cutar ta gaske, ita ce mimorin jabu. An rubuta masa 64 GB, waya ma ta nuna 64, amma cikinsa bai wuce 4 ko 8 ba. Zai yi ta karɓar kaya ba musu, sai ranar da kika zo buɗe hotunan auren 'yarki ki tarar sun lalace. Araha ba ta ado. In kin saya, kafin ki amince masa, ki sa a cika shi da finafinai har ya kusa ƙarewa, sannan a buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. In duk sun yi, to na kirki ne.

Na uku namu ne na bakin iyaka. Wayar da aka saya a Maraɗi, ko aka saita ta da Faransanci, ba za ta rubuta GB da MB ba, sai Go da Mo da Ko. Su Faransawa "okte" suke ce wa bayit. Awon ɗaya ne, suna ne ya bambanta: Go shi ne giga, Mo shi ne mega.

Na huɗu, gudun intanet da bit ake auna shi, girman fayil kuma da bayit. Mu da ke hulɗa da sefa mun san wannan: in Bamaraɗiya ta ce dala ashirin, sefa ɗari take nufi, sai kin ninka da biyar. Nan kuma rabawa ake yi da takwas. In aka ce sabis yana gudun mega 8, abin da ke saukowa a kowace daƙiƙa MB 1 ne kacal.

Rumbu daban, faifai daban

In za ku sayi laftof ko waya za ku ji ana ambaton lamba biyu, misali 4 da 128. Babbar ita ce rumbu, inda kaya ke kwana. Ƙaramar ita ce RAM, wadda nake kwatanta ta da faifan tsintar shinkafa. Rumbunki ko ya kai ɗaki, abin da faifai ya ɗauka shi kaɗai za ki iya tsincewa a lokaci guda. In kika buɗe abubuwa goma tare a kan ƙaramin faifai, dole aiki ya yi nauyi. Kuma da zarar wuta ta ɗauke, abin da ke kan faifai zubewa yake yi, na cikin rumbu ne ke tsira. Wannan ne dalilin da nake damun masu taya ni aiki da cewa duk layi biyar a danna Ctrl da S tare. Wannan dannawa ita ce juye faifai cikin rumbu.

In ta ƙi tashi

Yanzu ga rigimomin yau da kullum. Ka'idata ɗaya ce: a fara da abu mai sauƙi, mai araha, kafin a kai ga mai tsada.

Kwamfuta ta ƙi kunnuwa. Kafin ki ce ta mutu, soka cajar waya a soket ɗin ki gani ko akwai wuta. Duba ɗan fitilar da ke jikin caja ko gefen laftof. Duba inda wayar caja ke haɗuwa da ɗan akwatinta, sau da yawa nan ne ya saki. In duk lafiya, cire caja, danne maɓallin kunnawa ki ƙirga talatin, ki mayar da caja ki bar ta rabin awa, sannan ki gwada. Kada ki ari cajar maƙwabta don kawai bakinta ya shiga. A karanta lambar da ke jikinta tukuna, yawancin laftof 19 ko 20 V suke sha, amma ba duka ba.

Cajar da ta fito ta Nijar ƙafa biyu gare ta masu zagaye, soket ɗinmu kuwa mai ido uku ne. Na san dabarar da muke yi, a tura murfin biro ko tsinke a idon sama a cusa. Don Allah a daina, adafta ba ta kai kuɗin kwanon awara na kirki ba.

In da janareta ake aiki, a bar shi ya daidaita kafin a soka caja, a kuma cire ta kafin a kashe shi. Haka in an kawo wuta, a ɗan jinkirta. Da damina, in hadari ya taso da tsawa, a zare komai daga bango.

Zafi da ƙura

Garinmu ba ya tausayin na'ura. Da hunturu ƙura, da bazara zafin da ke haura digiri 40. Laftof tana da fanka a ciki, tana shaƙar iska ta ƙasa tana fitarwa ta gefe. In kika ɗora ta a kan katifa ko filo ko darduma, kin toshe mata hanci. Alamar ita ce fanka ta riƙa kuka, gindinta ya yi zafi, ta mutu da kanta ana cikin aiki. Ba aljanu ba ne, kare kanta take yi. Ɗora ta a kan tebur ko babban tire, ki ɗan ɗaga bayanta. In an gama a rufe ta da kyalle mai tsabta bayan ta huce. Sau ɗaya a shekara, in hunturu ya wuce, a kai a bushe mata ƙura.

In kuka ga batir ya kumbura, har ya ɗaga madannai ko ya buɗe bayan waya, a daina caji nan take, kada a matsa, kada a huda, a nisanta shi da yara. Yana iya kamawa da wuta.

In shayi ko kunu ya zube mata, a cire caja, a danne maɓalli har ta mutu, a kife ta a buɗe. Babban kuskure shi ne a kunna "don a gani ko ta yi". Wannan kunnawar ce ke ƙona ta. A kai wa mai gyara a kashe.

In ta yi nauyi ko ta daskare

Da farko a kashe ta gaba ɗaya a sake kunnawa. Rufe murfi ba kashewa ba ne, gyangyaɗi ne. Na biyu a duba rumbu. A buɗe This PC, in da Faransanci take Ce PC, za a ga sanda a ƙarƙashin kowane rumbu. In ta koma ja, ya kusa cika. A bar aƙalla kashi ɗaya cikin goma fanko, kamar yadda ba a cika tukunya har baki. A tuna kuma abin da aka goge yana nan a kwandon shara yana cin wuri sai an zubar.

In ta daskare, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, a rufe abin da ya maƙale. In ko wannan bai yi ba, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma. Amma in kuka ji rumbun yana ƙas-ƙas-ƙas kamar ɓera a cikin kwali, wannan ba ta gida ba ce. Rumbun ne ke shirin mutuwa. A kwashe abin da ke da muhimmanci a ranar.

Wata ta kawo mini tata tana cewa ta haukace, in ta danna A sai Q ta fito. Lafiyarta ƙalau. Madannan Faransa da na Ingila jerinsu ya bambanta, wurin A da Q a musanye yake, haka Z da W. A danna maɓallin Windows da dogon maɓallin tazara tare, a zaɓi harshen da ya dace da abin da ke rubuce a kan madannan.

Filashi mai yawo

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar bangonmu ita ce filashin da ke yawo daga shagon buga takardu zuwa wurin masu tura finafinai, ya dawo gida. Yanzu filashi biyu gare ni. Ɗaya na yawo, ba ya ɗaukar komai sai takardar da za a buga a ranar. Ɗaya na ajiya, ba ya shiga kwamfutar kowa. In kuka ga foldoji sun fito da kibiya, kada a danna su, kada a yarda a yi fomatin, a fara duba giga nawa ke cike. Kuma masu Windows 10 su sani, tun 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko mata da gyaran tsaro na yau da kullum, don haka sai an ƙara kula.

Yarana da ke bayan rumfa, da ku nake. Kwamfutar da Mama ke lissafi da ita ba gidan kallo ba ce. In dole ku taɓa, a buɗe muku ɓangarenku daban, nata kuma da lambar sirri.

In za a kai gyara, a tuna abin da ke ciki: hotunan iyali, lambobin asusun membobi, NIN da BVN. A kwashe in da hali, ko a zauna a gyara a gabanki. Kuma ki faɗa da bakinki tun farko, "Malam, kada a goge mini komai sai an tambaye ni."

Ajiya uku, da littafi

Ga abin da kwamiti ya amince da shi bayan abin da ya faru. Lissafinmu yana zama wuri uku: a laftof, a filashin da ke kwana gidan Hajiya Ma'aji, ba gidana ba, da kuma kwafin da muke tura wa imel ɗin ƙungiya duk ƙarshen wata. Google yana ba kowane asusu giga 15 kyauta, mu kuwa ko MB 1 ba mu cika ba.

Wata za ta ce, tunda yana intanet ai shi ke nan. Mu mutanen Jibiya mun fi kowa sanin amsar. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, har da tamu, ba a dawo da su ba sai bayan watanni. Wanda ajiyarsa ke sama kaɗai, sai ya yi tafiya kafin ya ga abinsa. A Oktoban 2024 kuma yawancin Arewa ta kwana fiye da bakwai babu wutar lantarki. Saboda haka babban littafi ya dawo bakin aiki. Duk zubi, duk biya, a rubuta da biro a ranar, mai biya ta sa hannu ko ta dangwala, a kuma rubuta mata a ɗan katinta ta tafi da shi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da nake roƙo, kowace ta koma gida yau ta buɗe wayarta, ko ta sa ɗanta ya buɗe mata, ta duba giga nawa gare ta, nawa ya rage. Sannan ta tambayi kanta: in wayar nan ta faɗa rijiya gobe, wa ke bina, wa nake bi, a ina kuma aka rubuta? In babu amsa, littafin ɗari biyu ya isa a fara. Duk ranar taron wata zan zo da laftof awa guda kafin lokaci, mai tambaya ta same ni. Babu tambayar da ta yi ƙanƙanta, ni ma da kuka na koya.

'Yar'uwata mai man gyaɗa, kin yafe mini tun a lokacin, amma ban taɓa neman afuwarki a gaban jama'a ba. Yau na nema. Hajiya Ma'aji, ke ma haka.

Allah ya ƙara mana haɗin kai, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya zaunar da garinmu da maƙwabtanmu lafiya.